Ma'aunin Ƙarfin Tauraruwa a Labaran Lalatacciyar Duniya: Nazari a kan Ejii ta Littafin The Shadow Speaker

1. Gabatarwa

A shekarar 2007 marubuciyar nan Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka a 1974 daga iyaye ƴan ƙabilar Ibo, ta fitar da wani ƙagaggen labari na matasa da harshen Ingilishi mai suna The Shadow Speaker, watau mai magana da inuwa. An sake buga shi da gyare-gyare a 2023. Abin da ya jawo hankali ga littafin shi ne a ƙasar Nijar aka shimfiɗa labarinsa, cikin shekarar 2070 bisa ga bugun farko, kuma tauraruwarsa, Ejii, yarinya ce Musulma wadda ba ta haura shekara 15 ba, mai jinin Wodaaɓe ta ɓangare guda. Duk wanda ya san ƙasar Dakoro, daga kwarin Tarka zuwa Barmo da Gadabeji, ya san mutanen da aka ɗauko wannan jini daga gare su, ya kuma san irin sararin da yarinyar ta keta a bisa raƙumi.

Littafin yana cikin wani rukunin adabi da ya bunƙasa ƙwarai a Amurka da Turai daga 2008 zuwa wajen 2015, inda akan ɗora wa budurwa nauyin fuskantar duniyar da ta ɓaci. Masu tallar irin waɗannan littattafai sukan ce tauraruwar mai ƙarfi ce, masu sharhi kuma su karɓi hukuncin ba tare da awo ba. Manufar wannan maƙala ita ce a nemo mudun awon daga cikin harshen Hausa kansa, sa'an nan a auna Ejii da shi, tare da kwatanta ta da wasu takwarorinta. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake bukatar littattafan karatu na matasa, kuma bukatar ta ƙaru tun da dokar watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wanda zai zaɓi littafin da za a miƙa wa ɗaliba a Dakoro ko Kornaka, ko ya fassara mata shi, lalle ne ya san wace irin yarinya yake kafa mata a matsayin abin koyi.

2. Bayanin Kalmomi

2.1 Lalatacciyar duniya

Turawa suna kiran wannan rukuni distofiya, kalmar da tushenta Girkanci ne, ma'anarta mugun wuri. Fitaccen misalinsa na manya shi ne littafin George Orwell mai suna 1984, wanda ya fito a 1949. A nan za a kira shi labarin lalatacciyar duniya, domin Bahaushe ya riga ya saba cewa duniya ta lalace ko zamani ya ɓaci. Siffofinsa su ne: labarin yana aukuwa a zamani mai zuwa, wani bala'i ya riga ya rushe tsarin da aka sani, kuma abin da ya maye gurbinsa yana danne mutane. Ta haka ya bambanta da tatsuniya, wadda ba ta da ƙayyadadden zamani. Ya kuma bambanta da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, wanda ya kai yaro sararin samaniya amma ya bar duniya yadda take.

2.2 Tauraruwa da jaruma

Masu nazarin adabin Hausa suna kiran wadda labari ya ginu a kanta tauraruwa. Jaruma kuwa asalinta wadda ta nuna jarumta ce, watau ta fuskanci abin tsoro ba ta ja da baya ba. Amma tun bunƙasar finafinan Kano kalmar jaruma ta faɗaɗa, har ta kai ana kiran duk ƴar wasa da ita, ko da ba ta yi kome ba a fim ɗin sai kuka. Wannan faɗaɗar ma'ana tana da illa ga mai tarke, saboda ta sa lambar yabo ta koma sunan muƙami. A cikin wannan maƙala tauraruwa matsayi ce da marubuci ya bayar, jaruma kuwa hukunci ce da sai an auna kafin a yanke.

2.3 Ƙarfi

Kalmar ƙarfi ita kaɗai ba ta isa ma'auni ba, don kuwa Hausa ta rarraba ta. Akwai ƙarfin jiki, akwai ƙarfin iko, akwai ƙarfin hali, akwai ƙarfin zuciya, kuma a gefensu akwai juriya da dauriya da haƙuri da dabara. Abin lura shi ne, idan Bahaushe zai yabi mace a kan abin tsoro, sau da yawa aron mudun maza yake yi. Sai a ji an ce ta yi ta maza, ko ta yi namijin ƙoƙari, ko a kira ta mace mai kamar maza, ko kallabi tsakanin rawuna. Duk waɗannan yabo ne na gaskiya, sai dai a ƙarƙashinsu akwai zaton cewa jarumta kayan maza ce da mace kan ara. Marubutan labaran lalatacciyar duniya suna da irin wannan zato, shi ya sa sukan fara da miƙa wa tauraruwa baka ko wuƙa ko bindiga. Mai tarke da ya tsaya a kan makamin bai auna yarinyar ba, kayan da aka rataya mata ya auna.

3. Ma'aunai Uku

3.1 Ma'aunin aikatau

Hanya ta farko ita ce a taƙaita labarin da Hausa cikin jimloli kamar goma sha biyu, sa'an nan a duba inda tauraruwa ta zo a matsayin aikau da inda ta zo a matsayin karɓau. Hausa tana sauƙaƙa wannan gwaji, domin tana da lamirin da ba ya ambaton mai aiki: aka kai ta, aka zaɓe ta, aka cece ta. Kishiyarsu su ne ta tafi, ta zaɓa, ta ƙi, ta hana. Ba yawan aikatau ake ƙirgawa ba. Ana neman jimlolin da labari ya juya a kansu, a ga wane ne aikau a cikinsu.

Tatsuniyar nan ta Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ga littafinsa na 1934, ta isa misali. Ƴar bora ita ce tauraruwa, amma aka tura ta wanki, aka nuna mata hanya, aka ba ta arziki. Abin da ta yi da kanta shi ne ladabi ga abubuwan al'ajabi da ta tarar a hanya, inda ƴar mowa ta yi musu rashin kunya ta kwashi kashinta a hannu. Tatsuniyar ta koyar da tarbiyya, amma tauraruwarta karɓau ce a mafi yawan mahaɗan labarin.

3.2 Ma'aunin hasara

Zaɓin da ba a biya kome a kansa ba ba ya nuna ƙarfin hali. Saboda haka tambaya ta biyu ita ce: me tauraruwa ta rasa saboda abin da ta zaɓa, kuma ta san za ta iya rasa shi tun kafin ta zaɓa? Hasarar da ta faɗo mata daga sama, kamar maraici, tana jawo tausayi, amma ba ta shiga wannan awo.

3.3 Ma'aunin tuɓe baiwa

Marubuta sukan ba tauraruwa wata baiwa da sauran mutane ba su da ita. Tambaya ta uku ita ce: in an tuɓe mata baiwar da makamin, me ya saura? In abin da ya saura zai iya ɗaukar labarin, ko da da ɗingishi, to ƙarfin nata ne. In labarin ya rushe nan take, ƙarfin na marubuci ne, aro ya ba ta.

4. Gwaji a kan Taurari Biyu na Amurka

Kafin a zo kan Ejii ya kyautu a gwada mudun a kan taurari biyu da suka fi shahara a wannan rukuni.

Ta farko ita ce Katniss ta littafin The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, ci gabansa biyu kuma a 2009 da 2010. A ƙasar Panem, fadar mulki takan karɓi yaro da yarinya daga kowace gunduma cikin gundumomi 12 a kowace shekara, a zuba su 24 a fage su kashe juna ana kallo a talabijin. Ƙuri'a ta faɗa kan ƙanwar Katniss mai shekara 12, sai Katniss, mai shekara 16, ta miƙa kanta a madadinta. A cikin fage ta lulluɓe gawar wata yarinya da furanni a gaban idon masu mulki, a ƙarshe kuma ta gwammace ita da abokin tafiyarta su ci ƴaƴan itace masu guba da ɗaya ya kashe ɗaya. A duk waɗannan mahaɗai ita ce aikau, kuma babu guda da baka ta yi mata. A littafi na uku ta koma karɓau: ƴan tawaye suka yi mata ado, suka ɗauki hotonta, suka mai da ita tuta. Amma marubuciyar da gangan ta yi haka, domin shi ne jigon wannan kashi, kuma ta mayar mata da matsayin aikau a ƙarshe, sa'ad da ta harbe sabuwar shugabar da ta ga za ta maimaita zaluncin tsohon. Hasararta cikakkiya ce, don ƙanwar da ta shiga fage dominta ta mutu. In an tuɓe mata baka, akwai sauran yarinyar da ta ciyar da gidansu tun tana da shekara 11, bayan ubanta ya mutu a ramin gawayi. Katniss ta cika mudu uku.

Ta biyu ita ce Tris ta littafin Divergent na Veronica Roth, na 2011, wanda aka gina a birnin Shikago bayan an raba mutanensa rukuni biyar. Ita ma tana da shekara 16 ta zaɓi barin rukunin iyayenta, ta rasa uwa da uba a littafi na farko, ta kuma ba da ranta a madadin wanta a littafi na uku, na 2013. Ma'auni na farko da na biyu ba su kama ta da laifi ba. A na uku ne ta yi rauni, domin abin da ya sa magungunan sarrafa hankali ba sa cin ta halitta ce da aka haife ta da ita. Mai karatu zai yi sha'awarta, amma ba shi da hanyar koyi da abin da yake cikin jini.

5. Ejii a kan Ma'auni

5.1 Taƙaitaccen labari

An yi yaƙin nukiliya, aka kuma saki wasu bama-bamai da aka ƙera don kawo zaman lafiya, sai suka canja halittar duniya. Aka fara haihuwar mutane masu baiwa iri-iri, wasu suna tashi sama, wasu suna kiran ruwa, wasu kuma, irin su Ejii, suna da idanu kamar na kyanwa, suna hangen nesa, suna jin maganar inuwa. Shingen da ke tsakanin wannan duniya da wasu duniyoyi ya fara yagewa. Mahaifin Ejii ya mallake garinsu Kwàmfà, ya ƙuntata wa mata, har ranar da Sarauniya Jaa ta komo ta fille masa kai a bainar jama'a, ƴarsa tana kallo. Bayan ƴan shekaru Jaa ta tashi zuwa wani taro a duniyar Ginen, inda za a tattauna rikicin da ke neman zama yaƙi tsakanin duniyoyin, da niyyar kashe sarkin da ke barazanar. Inuwoyi suka sanar da Ejii cewa sai ta bi Jaa za a kauce wa yaƙin. Ta hau raƙuminta mai magana, ta keta hamada ta hanyar Agadas, ta haɗu da Dikéogu, yaro mai kiran ruwa wanda ya gudo daga bauta, suka ci gaba tare.

5.2 Aikatau

A nan sakamakon gauraye yake. Jimlar da ta buɗe tafiyar ita ce aka gaya mata, domin inuwoyi ne suka ɗora mata aikin, kuma ta wannan fuska ba ta yi nisa da ƴar bora ba. Sai dai inuwoyin ba su ɗaure mata sirdi ba. Mahaifiyarta ba ta yarda da tafiyar ba, Jaa ta riga ta wuce, kuma ita kaɗai ta yanke shawarar fita. A hanya ta gamu da wata guguwar rairayi mai rai da fushi, wadda ba takobin da zai sare ta, ta saurare ta, ta yi mata magana har ta lafa. A wurin taron kuma, inda labarin duka ya rataya, ita ce ta hana Jaa kisan da ta zo yi. Aikatau biyu da suka fi nauyi a littafin su ne ta saurara da ta hana, kuma a dukansu Ejii ce aikau. Muhimmancin na biyun yana ƙaruwa in an tuna wadda aka hana: mace ce da Ejii ta ga abin da takobinta ya yi wa wuyan ubanta, wadda take tsoro, take kuma girmamawa a matsayin uwargijiya.

5.3 Hasara

Nan ne littafin ya fi sassauci. Babbar hasarar Ejii, watau mutuwar uba, ta auku kafin ta zaɓi kome, kuma littafin bai ɓoye cewa mutuwar ta kawo wa garin sauƙi ba. Bayan ta fita ta sha wuya, ta shiga haɗari, amma marubuciyar ta kewaye ta da mataimaka: raƙumi mai hankali, aboki mai kiran hadari, da manya masu iko da ke tafe tare da Jaa. Mai karatu yakan ji a jikinsa cewa ba za a bari ta faɗi ba. Abin da ya ceci littafin daga zama tatsuniyar arziki shi ne ladan da ta samu ƙarami ne. Yarjejeniya ce ta ɗan lokaci, ba zaman lafiya na dindindin ba, kuma ci gaban labarin, Like Thunder, na 2023, ya nuna yadda abubuwa suka sake dagulewa. A wannan ma'auni Ejii ba ta kai Katniss ba.

5.4 Tuɓe baiwa

Matsalar da mai tarke zai tarar a nan ita ce baiwar Ejii da halinta sun sarƙe. Tana fahimtar abin da ke zuciyar wani, amma ta hanyar inuwa take fahimta, don haka da wuya a raba abin da ta koya da abin da aka haife ta da shi. Da marubuciyar ta bar wuri ɗaya mai nauyi inda inuwoyi suka yi shiru ɗif, yarinyar ta yi aiki da hankalinta kaɗai, da hukuncin ya fi sauƙi. Duk da haka akwai abin da ya saura bayan tuɓewa. Baiwa tana ba da ji, ba ta ba da niyyar saurare, kuma ba ita ke sa yarinya ta ce wa babba a'a ba. Mai karatu a Barmo zai ga a cikinta abubuwa biyu daga cikin ginshiƙan pulaaku, watau munyal, haƙuri, da hakkille, hankali, ko marubuciyar ta nufi haka ko ba ta nufa ba. Zai kuma lura cewa ginshiƙi na uku, semteende, kunya, shi ne wanda dole ta taka kafin ta tsaya gaban sarauniya. Wannan takawa ita ce jarumtarta, kuma ba ta bukatar idon kyanwa.

6. Sarauniya Biyu

Sunan Jaa ya cancanci ɗan tsokaci. Kalmar Hausa ce, ja, an rubuta ta da wasali biyu kamar yadda masana harshe ke nuna dogon wasali, kuma laƙabinta a littafin shi ne jar sarauniyar Nijar. Ɗaya daga cikin mazanta biyu ma sunansa Gambo. Jaa ita ce cikakkiyar mace mai kamar maza: tana da takobi, tana da mabiya, tana yanke hukunci nan take. Da wani marubuci ne, da ita zai mai da tauraruwa. Babbar nasarar Okorafor ita ce ta ajiye iri biyu na ƙarfi gefe da gefe, ta sa yarinya ta yi sha'awar na farko, sa'an nan ta nuna cewa ƙarfin da ya kuɓutar da Kwàmfà daga azzalumi shi ne kuma zai jefa duniya cikin yaƙi in ba a taka masa birki ba.

Mai karatu a Nijar ba zai ji sunan Sarauniya ba tare da ya tuna da Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Dogon Dutsi, ba. Ita ce ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, rundunar da ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta kuma watse a watan Yuli kusa da Tasawa, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb a Dankori, sojojinsu kuma suka kashe shugabannin nasu biyu. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya daɗe yana gudun hijira, shi ya fito da ita ga duniya a littafinsa Sarraounia na 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mamani ya siffanta ta mayaƙiya wadda aka horar da harbi tun tana ƙarama. A Lugu kuwa sarautar Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya na Azna, kuma masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni sun yi nazarin tazarar da ke tsakanin Sarauniyar littafi da ta bakin mutanen wurin. Mamani yana da hujjarsa, domin ƙasa mai neman alamar tsayayya ga mulkin mallaka yake rubuta wa. Amma darasin da ke ciki ga mai tarke shi ne, ko macen da ta riga ta cika ma'aunin aikatau a tarihi, tun da ta ƙi miƙa wuya a inda sarakuna da yawa suka miƙa, sai da aka rataya mata kwari da baka kafin a ga ƙarfinta.

7. Mai Karatu a Dakoro

Lalatacciyar duniya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Dakoro. Iyaye da kakanni sun ga farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da garke ya ƙare, gidaje suka watse, kuma matasan yau sun ji labarin yunwar 2005 ko sun taso a cikinta. Ƙasar tana kan gaɓar da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa, inda gona da makiyaya ke goga kafaɗa, Hausawa da Fulani da Buzaye suna shan ruwa a rijiya ɗaya. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya auku a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. A irin wannan wuri, tauraruwar da babban aikinta shi ne riƙe hannun mai takobi ta fi kusa da bukatar jama'a fiye da wadda ta iya saiti. Wannan shi ne babban dalilin da zai sa a fifita Ejii ga ɗalibar Dakoro, duk da raunin da aka nuna a sama.

Sai dai akwai tarko a ɗaya gefen. In an ƙi mudun makami, kada a koma ga mudun haƙuri shi kaɗai. Yarinyar da ke jan guga a rijiya mai zurfi, ta yi daka, ta ɗauki tallar nono zuwa kasuwa, ba ta bukatar littafi ya koya mata juriya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jimlar da ke bayyana wannan hali, aka aurar da ita, jimlar karɓau ce. Labarin da zai yaba mata haƙuri kawai ya tabbatar da ita a inda take. Rubutaccen adabin Hausa ya riga ya nuna wata hanya. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, an cire Abu daga makaranta, an aurar da ita ga tsoho, amma ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba ta da baka, ba ta da inuwa, kuma ta cika ma'aunai ukun. Littafin ba na lalatacciyar duniya ba ne, amma duk mai son rubuta irin wannan labari da Hausa zai amfana da duba yadda aka gina ta.

8. Kammalawa

An nuna cewa kalmar ƙarfi ba ta isa hukunci ba sai an rarrabe ta, kuma yabon da harshe ya tanadar wa jarumar mace yana karkata ga mudun maza. An gabatar da ma'aunai uku, na aikatau da na hasara da na tuɓe baiwa. Bisa gare su Katniss ta cika uku, Tris ta cika biyu, Ejii kuwa ta cika na farko, ta yi rauni a na biyu, ta tsallake na uku da ƙyar. Duk da haka ta cancanci sunan jaruma, domin a mahaɗar da labarin ya rataya a kanta ita ce aikau, kuma abin da ta aikata, watau hana babba zubar da jini, abu ne da yarinya marar baiwa za ta iya kwaikwayo.

Ga masu fassara, shawara ita ce su kiyaye lamirin jimlolinsu, kada su mai da ta yanke shawara ya koma aka sa ta don neman daɗin zance, kuma kada su kira kowace tauraruwa jaruma tun daga bangon littafi. Ga marubuta kuwa, fage a buɗe yake ga labarin da zai ɗauki kwarin Tarka na shekara hamsin masu zuwa, ya sa yarinyar wurin a tsakiyarsa, ya bar ta ta zaɓa, ta kuma biya. Akwai bukatar a gwada waɗannan ma'aunai a kan tatsuniyoyin Gobir da Katsina da na Wodaaɓe, domin a ga ko taurarinsu mata duka irin ƴar bora ne, ko kuwa akwai waɗanda masu tattarawa ba su kai gare su ba tukuna.